Ranar da Aka Yabi Ƙofar Orville

A garinmu na Tolliver, nan gabashin Texas, in ka ga mutane sun fara tsallaka titi ba gaira ba dalili, waiwaya ka duba, Orville Tackett ne ke tafe. Ba mugun mutum ba ne. Ba ya zagi, ba ya shaye-shaye, ba a taɓa jin ya taɓa kayan wani ba. Matsalarsa guda ce: duk zancen da ka kawo masa, ko da ta'aziyya ce, sai ya lanƙwasa shi ya kai shi ga ƙofar akurki.

Shi ya ƙirƙiro ta, kuma a faɗi gaskiya, abin yana aiki. Sandar da kaji ke hawa su kwana ya ɗaura wa waya, wayar ta bi ta cikin wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ta kama ƙofa. Da yamma in kaji sun shiga, nauyinsu ne ke jan wayar, sai kazar ƙarshe ta hau sannan ƙofa ta sauko ta rufe ruf. Da safe in sun diro, ta buɗe kanta. Ba lantarki, ba batir, ba fita cikin sanyi don tokare ƙofa da sanda. Dila ya zo ya zagaya ya koma da yunwarsa. Da gwamnati ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira, Orville ya sa ta a gilashi ya rataye a falo inda hoton aurensu yake, hoton auren kuwa ya matsar da shi kusa da ƙofar banɗaki.

A wata rumfa bayan gida suke ƙera ƙofofin, shi da matarsa Lavonne, kuma da su suke ci. Shi ke yanka katako ya lanƙwasa ƙarfe, ita ke fenti ta naɗe ta kai gidan waya. Lavonne mace ce mai tsoron Allah har ya yi yawa. Ita ke koyar da yara a coci ranar Lahadi, kuma ko waya aka bugo ana neman Orville yana ɓuya, ba za ta ce ba ya nan ba, sai dai ta ce, "Yana nan, ya ce in ce ba ya nan." Amma shekara da shekaru ba ta taɓa buɗe baki ta yabi ƙofar nan ba. In ya tsare ta da tambaya, sai ta ce, "Je ka wanke hannu, abinci yana hucewa." Sauran mutanen gari kuwa dariya suke yi masa, maƙwabcinsa Dewey Crump shi ne shugaba, shi ya raɗa wa abin suna tarkon ɓera mai digiri.

Ana nan sai wani babban kamfanin kayan gona daga arewa ya fito da irin ƙofar sak, ta roba, a rabin kuɗi, ya cika kantuna da ita. Ciniki ya tsaya a rumfar Orville cak. Ya kai ƙara, aka yi ta fama, a ƙarshe mutanen garin da aka zaunar su taya alƙali hukunci suka ce lallai sata ce. Ranar Orville ya saya wa duk wanda ke ɗakin abincin da ke gaban kotu soyayyen tarwaɗa da burodin masara, har da Dewey, wanda ya ci ya ƙara bai ce an gode ba.

Washegari lauyarsa, Misis Odom, ta zo gidan ta zauna a kicin. Gajeriyar mace ce mai tabarau a wuya, ba ta iya kwana-kwana ba.

"Mista Tackett, daina washe baki, mun kashe maciji ne ba mu sare kai ba. An ce sun yi sata, amma ba a ce su daina ba. Wannan wata shari'ar ce daban, alƙali shi kaɗai zai yanke. In bai ba da odar tsayar da su ba, za su ci gaba da sayarwa, su riƙa jefo maka 'yan kwabbai a kan kowace ƙofa, rumfarka kuwa sai ka mai da ita ɗakin ajiye tsumma."

"Ɓarawo ya ci gaba da kwana a gidana, yana biyana haya da farashin da ba ni na yanka ba?"

"Haka dokar take yanzu. Kuma kafin alƙali ya ba da oda, sai mun gamsar da shi cewa jama'a ba za su cutu ba. Kai da Misis Tackett hannu huɗu ne, ba za ku iya wadatar da ƙasar nan ba. To su za su tashi su ce ƙofar nan ta zama dole ga duk mai kaji, in aka hana su sayarwa, dila zai cinye kajin Amurka kaf."

Orville ya gyara zama, fuskarsa ta yi haske. "To ai gaskiya suka faɗa."

"Ka ji matsalar. Mu kuma sai mu ce a'a, mutane za su iya haƙuri. Su tokare da sanda kamar yadda kakanninsu suka yi, wanda ke so ya bi layi a rumfarka. Za a tambaye ka a gaban alƙali ko ana iya rayuwa ba ƙofarka, kai kuma ka ce e."

"Wato ɓarayin su yabe ta, ni mai ita in kushe ta?"

"Ka gane ke nan."

"Ranki ya daɗe, wane mahaukaci ne ya tsara wannan?"

Misis Odom ta ɗaga kafaɗa ta kurɓi shayinta mai ƙanƙara. Sai ta yi kuskuren da ta daɗe tana cizon yatsa a kansa. Ta ce ai akwai wani ƙudiri a majalisa can Washington, wanda in ya zama doka, da zarar an tabbatar da sata kotu za ta ɗauka oda ta dace, ɓarawon ne zai sha wahalar kawo hujjar kada a tsayar da shi. Mai abu ya zauna ya naɗe hannu, da wuya ma a nemi ya ce komai.

Tun daga ranar Orville ya ɗauki ƙudirin nan ya rungume kamar ɗan fari. Dabararsa mai sauƙi ce: a ja shari'ar har doka ta fito. Kullum da hantsi sai ya buga waya ofishin ɗan majalisarmu.

"Ni ne dai Tackett mai ƙofa. Yaushe za a sa hannu? Ni kafin ƙarshen wata nake buƙata."

"Yallaɓai, mai girma ɗan majalisa yana ɗaukar batun da matuƙar muhimmanci. Ƙudirin yana gaban kwamiti."

"To haɗa ni da kwamitin."

"Kwamitin ya miƙa wa ƙaramin kwamiti."

"Haɗa ni da ƙaramin, ni ba na raina mutane."

"Sun tafi hutu, yallaɓai."

Ya naɗe ƙofa guda ya aika musu kyauta don su gani da idonsu, aka dawo masa da ita da bayanin cewa ba a karɓar tarko ta gidan waya. Duk wanda ya san majalisa ya san jiran gawon shanu yake yi, amma wa zai gaya masa? A ɓangaren kotu kuwa, sai ya fara da ciwon haƙori, aka ɗaga zama. Da ranar ta sake matsowa, ya aika cewa kawunsa ya rasu a Louisiana. Alƙali ya ɗaga, har da saƙon ta'aziyya. Ba a yi nisa ba marigayin ya shigo gari sayen taya, ya zauna cin tarwaɗa a teburin da ke jikin na alƙali, yana ba da labarin ɗan ƙanwarsa mai ƙofa da babbar murya. Alƙali ya ƙarasa abincinsa a natse, ya koma ofis ya sa rana, ya ce ko Orville da kansa ne ya mutu a kawo shi.

Aka koma horo a teburin kicin. Misis Odom ta ɗaure fuska ta zama lauyan kamfani.

"Mista Tackett, mai kaji zai iya rayuwa ba ƙofarka?"

"Zai iya, in rayuwar wahala ya zaɓa."

"A'a. Sake."

"Shi zai iya, kajin ne ba za su iya ba."

"Mista Tackett!"

"To mene ne ma'anar rayuwa a nan? Numfashi kawai, ko kwanciyar hankali?"

Lavonne tana yanka albasa, ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Kalma ɗaya aka ce ka faɗa, Orville. Jarirai ma suna iya ta."

Ya koma yana gwadawa a gaban kaji da yamma, don su ba sa dariya. Da farko kalmar sai ta maƙale masa a wuya kamar ƙayar kifi. A hankali ya gano in ya rufe ido ya damƙi gwiwarsa ta hagu, tana fita, ko da yake kamar ta mai ciwon ciki. Misis Odom ta saurara ta ce ba daɗi amma za ta yi, ai alƙali ba waƙa ya zo ji ba.

Ranar shari'a kotu ta cika, don a Tolliver babu abin kallo da ya kai wannan tun da aka rufe gidan sinima. Lauyan kamfani, Mista Kessler, ya zo daga Dallas, dogo ne mai furfura da taushin murya, irin mutumin da zai cire maka takalmi daga ƙafa ka yi masa godiya.

Lavonne aka fara kira. Ta ɗaga hannu ta rantse, ta zauna ta rungume jakarta. Misis Odom ta tambaye ta yadda take rufe kaji kafin a yi ƙofar.

"Da sanda, ranki ya daɗe."

"Sandar tana yi?"

"Ta isa sarai. Mahaifiyata da sanda ta yi kiwo har ta koma ga Allah, ba ta taɓa rasa ƙwai ba. Ƙofar nan abin lalaci ce kawai, don mutum ya zauna gaban talabijin kada ya motsa. In ta ɓace gobe, ba wanda zai fasa karin kumallo."

Misis Odom ta yi murmushi, don shaida ta yi kyau fiye da yadda aka tsara. Orville kuwa ji ya yi kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya san an shirya maganar, da shi aka shirya, amma ya san matarsa ba ta ƙarya, balle da rantsuwa. Ashe shirun shekarun nan abin da ke ƙarƙashinsa ke nan. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa.

Sai Mista Kessler ya miƙe ya roƙi alfarma a saurari shaidarsa guda kafin lokaci, don mutumin yana da saniya a kasuwar gwanjo da azahar. Alƙali, wanda shi ma yana kiwo, ya ce wannan uzuri ne. Wa zai fito? Dewey Crump, sanye da rigar zuwa coci, wuyanta ya shaƙe shi. Ashe tuni ya sayi ƙofar kamfani a ɓoye, ya kafa ta ta bayan akurki inda ba a hangowa daga gidan Tackett.

"Mista Crump, kafin ka sayi ƙofar nan, yaya kiwonka yake?"

Dewey ya dubi silin, ya dubi alƙali, ya ƙi duban Orville. "Dila nake yi wa kiwo, yallaɓai. Ni in ba da hatsi, shi ya kwashi riba."

"Yanzu fa?"

"Ko gashi ɗaya ban rasa ba." Ya ja wuyan rigarsa. "Tunda na rantse, bari in faɗa in huta. Duk wanda ya tsara abin nan, kansa yana ja. Ban taɓa ganin dabara irinta ba. Shi ke nan, a sallame ni, saniyata tana jira."

Orville ya ɗago kai a hankali. Misis Odom ta taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur, ko gezau. Ta raɗa masa cewa tarko ne, ta ce ya riƙe gwiwarsa. Bai ji ta ba, kunnensa ya tafi wani wuri.

Da aka kira shi, tambayoyin lauyarsa sun tafi lafiya. Sannan Mista Kessler ya taso, ɗauke da ƙofar Orville ta asali, ta katako, ya riƙe ta da hannu biyu kamar mai riƙe da jariri.

"Mista Tackett, kafin in fara, ka yi mini izini in faɗi wani abu. Na daɗe a aikin nan, na ga injuna iri-iri. Amma ɗan ƙarfen nan mai jiran kazar ƙarshe, na kwana biyu ina kallonsa ban gane yadda tunanin ɗan'adam ya kai gare shi ba. Don Allah yaya aka yi?"

Tun da aka haifi Orville ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambaya. Shi ke bin mutane da amsar suna gudu. Yau ga mutum da kwat, daga Dallas, ya tsaya yana roƙo. Misis Odom ta yi zumbur ta ce ba ta yarda ba, tambayar ba ta da alaƙa da shari'a. Kafin alƙali ya yi magana, Orville ya juyo ya ce mata, "Haba, ranki ya daɗe, bar mutum ya ƙaru."

Ya fara daga wata kaza mai taurin kai da ake kira Duchess, wadda ba ta shiga sai kowa ya kwanta. Ya bi ta kan wayar da ya ciro daga tsohon kekensa, da ƙarfen da ya lanƙwasa ya karye, ya sake ya karye. Mista Kessler yana gyaɗa kai, yana cewa, "Ikon Allah," yana juyawa ga jama'a don su taya shi mamaki. Wata tsohuwa a baya ta ce amin. Orville ya miƙe yana kwatanta yadda kaza ke hawa sanda, har da fiffike, sai da alƙali ya ce ya zauna. Kansa ya kumbura har kujerar shaida ta yi masa kaɗan.

"To Mista Tackett," in ji Kessler, muryarsa ta ƙara laushi, "akwai masu cewa abin lalaci ne, sanda ma ta isa. Kai ka fi kowa sani. Tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙauye, gwiwa ta ƙi, ga sanyi, ga dila, za ta iya rayuwa ba wannan ƙofa?"

Orville ya rufe ido. Ya damƙi gwiwarsa ta hagu. Ya tuna rumfarsa, ya tuna kalmar, ya jawo ta har bakin leɓe. Sai ya buɗe ido, ya hangi Lavonne a layin gaba rungume da jakarta, abin da ta faɗa ɗazu ya taso masa sabo.

"Ba za ta iya ba!" Ya bugi katakon gabansa. "Ba wanda zai iya! Zalunci ne a bar mai kaji ko da kwana ɗaya ba ita. Duk gidan da ke da akurki a ƙasar nan yana buƙatarta yau, ba gobe ba. A rubuta, ni Orville Tackett na faɗa!"

"An rubuta," in ji Mista Kessler. "Na gode, ya mai shari'a, ba ni da sauran tambaya." Ya ajiye ƙofar a gefen tebur, ya ɗora kofin ruwansa a kai.

Masu iya magana sun ce baki shi ke yanka wuya. Alƙali bai ko tafi hutu ba. Ya ce tunda mai ƙirƙirar da bakinsa ya shaida cewa jama'a za su cutu in aka rasa ƙofar, kuma shi ba zai iya wadatar da su ba, kotu ba za ta ba da odar tsayarwa ba. Kamfani ya ci gaba da sayarwa, ya riƙa biya. Misis Odom ta tattara takardunta, ta fita ba sallama.

Lavonne ce ta ja a-kori-kura zuwa gida. Suka wuce gidan mai, suka wuce coci. Daɗin yabon ya fara sakin Orville, ya fara gane girman abin da ya aikata. Rumfa ta tafi. A shekarunsa sai ya je neman aikin awon katako a wurin yaran da ya ga haihuwarsu. Da suka kai mararrabar da ake juyawa zuwa gida, Lavonne ta gangara gefen hanya ta kashe mota.

"Orville Tackett."

"Na'am."

"Yau na ɗaga hannu a gaban Allah na yi ƙarya saboda kai. Ni, da tsufana. Har mahaifiyata na jawo daga kabari na sa a ciki, matar da dila ya talauta. Na ce sanda ta isa, ni da na sha tashi da asuba ina tsince gashin kaji a tsakar gida ina kuka. Na zuba ƙarya layi-layi don a bar mana rumfarmu, ban san da wane ido zan kalli yaran nan ranar Lahadi ba. Kai kuwa kalma ɗaya tak aka roƙe ka."

Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya shiga murza hularsa. Wata motar katako ta wuce ta girgiza su. Mai hankali da sai ya ba da haƙuri ya tsuke bakinsa, amma Orville ne.

"Wato," ya ce a hankali, "sandar ba ta isa ba?"

"Rufe mini baki."

"A'a, so nake in gane. Tunda wancan ƙarya ce, ke a ganinki ƙofar..."

Ta juyo ta dube shi, idanunta sun cika da hawaye, rabi na takaici rabi na wani abu da ta gaji da ɓoyewa.

"Ba ta isa ba. Ba ta taɓa isa ba. Tun ranar da ka kafa abin nan na san ba a taɓa yin irinsa ba, na yi shiru ne don na san in na faɗa ba mai sake yin barci a gidan nan. To ga shi ka ji. Sai ka dafa ka ci."

Ta tayar da mota. Orville ya juya fuskarsa wajen taga don kada ta gani, hawaye na bin kumatunsa, bakinsa kuma ya ƙi rufuwa don murmushi, a haka suka isa gida.